Rahoton Ayyukan Shekara: Tsara Maki a Rajistar Sakamako ta Intanet

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da ta ƙare, waɗanda mafi yawansu sun shafi tsara maki a rajistar sakamako ta manhajar Moodle, wadda da yawanmu muke koyarwa da ita.

A tarukan bita mun faro daga tsarin da aka saba da shi a jami'o'in Najeriya, wato maki 30 na gwajin cikin zango (40 a wasu wurare), sauran kuma na jarrabawa. Ba mu taɓa kason jarrabawa ba. A maki 30 ɗin ne muka nemi sassauci: malami ya jera ayyukan da jimillarsu ta haura 30, misali gwaji 4 masu maki 5 kowanne da aikin gida 2 masu maki 10 kowanne, ɗalibi ya zaɓi abin da zai yi, sannan a sa lissafin da zai tsayar da jimillar a 30 komai yawan abin da ya tara. Ta haka, wanda aka ɗauke wa wuta ko data ta ƙare masa ranar gwaji yana da hanyar cike gurbi ba tare da ya bi malami yana roƙo ba.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne bambancin gurbin da aka bari fayau da wanda aka rubuta wa sifili. Idan ba a sauya saitin da manhajar ke zuwa da shi ba, Moodle na tsallake gurbin da babu maki, saboda haka ɗalibin da ya yi gwaji ɗaya tal ya ci 5 cikin 5 zai ga kashi 100 cikin ɗari a shafinsa, ya saki jiki, sai ƙarshen zango gaskiya ta bayyana. Kwamiti na ganin wannan laifin tsari ne, ba na ɗalibi ba, don haka muka shawarci mambobi su kashe saitin tsallake gurbin, ko su riƙa shigar da sifili da zarar wa'adi ya cika.

Wasu mambobi sun nuna fargabar cewa ɗalibai za su riƙa kauce wa aiki mai wuya, kuma suna da hujja. An daidaita a kan a wajabta aikin gida ɗaya, sauran su zama zaɓi.

Jagorar da aka yi niyyar rubutawa da Hausa ba ta kammalu ba, za a gabatar da daftarinta a babban taro mai zuwa domin mambobi su yi gyara.