Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Delegen Ilimin Firamare na Yankin Arewa, Garwa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a ajin SIL, wato aji ɗaya na firamare, a wata makarantar gwamnati a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma koke na kawo a kan wasu ƴan kalmomin Faransanci da ke tare wa yaranmu hanyar karatu.

Yaro yana zo mana da shekara shida, Hausa a gida, Fulatanci a unguwa, Faransanci kuwa sai ya shigo aji. Haɗa baƙi da wasali ba ya ba shi wuya, don yawancinsu sun fara babbaƙu da farfaru a makarantar allo. Ma, mi, mo, yana tafiya sumul, sai ya ci karo da "est". Haruffa uku ne a rubuce, sauti ɗaya ake furtawa. Haka rubutu da furuci suka saɓa a "dans", "et", "les", "des", "c'est". Da wuya a sami layi ɗaya a littafin karatu da babu su. Yaron da ya tsaya kokawa da kowace ɗaya, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya ɓace masa. Irin waɗannan sai ido ya san su, da gani ya kira su. Ba cewa nake a bar haɗa baƙi ba, shi ne tushe. Kalmomin da nake nufi kaɗan ne.

Rubuta su a allo aji ya yi ta rerawa ba ya ɗorewa. Baki ya haddace, ido bai ga komai ba. Abin da na ga yana kamawa shi ne wanda hannu da ƙafa suka shiga ciki. Nakan zana ƴar gala-gala a tsakar makaranta, kowane gida da kalmarsa, yarinya ba ta ɗaga ƙafa sai ta faɗi wadda ta taka, sauran suna gefe suna jiran ta kuskure su yi mata caa. Mukan yanka tsohon kwali siffar kifi, mu rubuta kalma a bayansa, mu ɗaura ƙugiyar waya a kan kara. Ƴaƴan masunta na bakin Binuwai nan ne ake ganin gwanintarsu, har wanda bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Wanda ya kamo kifi ya kasa karantawa, ya mayar da shi ruwa. Akwai rubutu da yatsa a rairayi, da murza yumɓu a yi haruffa, da jera marafan kwalba.

To ga inda gizo ke saƙa. Wasan nan da hayaniya yake zuwa, da ƙura. Na san malamar da mai duba aiki ya tarar a waje da yaranta, ya rubuta mata cewa ajinta ba tsari. Tun daga ranar ta koma rera karatu, yara a zaune tsit, huɗu-huɗu a benci. Alhali manhajar da ma'aikatar ilimin firamare ta fitar a 2018 ita ce ta ce yaro ya koya ta hanyar aikatawa. Don Allah a fitar da takarda zuwa ga sufetoci, su auna aji da abin da yaro zai iya karantawa in an nuna masa.

Sannan a tarukan ƙara wa juna sani, a rage karanto mana takardu. A kawo kwali da almakashi, kowa ya yanka ya gwada, kuma a kira malaman da iyaye ke biya daga kuɗin ƙungiyarsu, domin da yawansu ba su taɓa shiga makarantar horon malamai ba, su ne kuma ke riƙe da ƙananan azuzuwa a ƙauyuka. A haɗa mana jeri ɗaya na kalmomin SIL da na CP, wato aji biyu, don yaron da ya tashi daga garin Gidar ya dawo Garwa kada ya fara daga farko. Kayan aikin da gwamnati ke raba wa makarantu tun da aka ɗauke kuɗin firamare a 2000, a ƙara alƙalamin maka da farin kwali a ciki, su iso tun Satumba.

Abu na ƙarshe, a bar mu mu bayyana dokar wasa da Hausa ko Fulatanci ba tare da ɗari-ɗari ba. Dokar ilimi ta 1998 da kanta ta ambaci ɗaukaka harsunan ƙasa. Minti biyu da harshen gida ya isa yaro ya gane abin da ake so, sauran lokacin duk na Faransanci ne.

In Allah ya sa ka kawo ziyara, ka zo da safe kafin rana ta take, don a watan Maris rairayin tsakar makaranta ba ya takuwa bayan ƙarfe goma.

Allah ya ƙara girma.

Wata malamar ajin SIL, Garwa