Idon mai karatu ba ya ɓoye inda ya yi tuntuɓe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a nan Sakkwato. Ranar Juma'a na ba wata ɗalibata jaridarku ta karanta wa aji kanun labari, ni kuwa na zauna gabanta ina kallon idonta. Kanun ya fara da "Fada". Ta wuce, sai da ta kai ga "ya barke a kasuwa" ta yi turus, idonta ya koma farkon layi. Yarinyar da ta tashi tana jin ana cewa fadar Sarkin Musulmi, me za ta fara kawowa a ranta? Faɗa kuke nufi, ƙugiyar ɗ ɗin ce kuka yar, har da ta ɓ.

Tun wajen 1879 wani likitan ido ɗan Faransa, Javal, ya bayyana cewa ido ba ya bin layi sumul. Tsalle yake yi, ya tsaya, ya sake tsalle. Kowace tsayuwa kusan rubu'in daƙiƙa ce, kuma a nan yake ɗaukar rubutu. Kalmar da aka saba da ita yakan wuce ta da sauri, ko ma ya tsallake ta. Baƙuwa ko mai harshen damo tana riƙe shi. A karatun Turanci, cikin tsalle 100, wajen 10 zuwa 15 komawa baya ne, wani lokaci don ma'anar da aka fara ɗauka ta ƙi zama da sauran jimlar. Idon ma yana leƙen gaba kafin ya isa: mai karatun boko yakan hango dama, mai karatun Larabci ya hango hagu. Yaranmu da ke allo da safe, boko da hantsi, duka biyun suke yi.

To, rubutun bokonmu dama bai nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Fari" kaɗai, launi ne ko rashin ruwan sama? Mai karatu na fama da wannan, sai ku ƙara masa "baki" a madadin "baƙi", "kasa" a madadin "ƙasa".

Abin da ya fi ci mini rai, wasu abokan aikina in sun ga yaro ya koma baya sai tsawa, wai bai iya karatu ba. Alhali yaron da ya koma shi ne ya gane akwai gyara. Wanda ya zarce ko a jikinsa, shi nake ji wa tsoro.

Don Allah ku sa wa masu buga muku rubutu madannin da ke da ɓ, ɗ da ƙ, akwai su har a waya, kyauta.

Wassalam,
Wani malamin firamare, Sakkwato