A bar yaro ya zaɓa, ko tsakanin abu biyu ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni malamin lakwal ne a nan Tawa, ajin CM1, wato aji na biyar na firamare, nake riƙe da shi. Ina neman ɗan fili in yi magana da ƴan uwana malamai masu kukan cewa tun da aka ajiye bulala yara sun gagara.

A ganina, yawancin surutun aji ba rashin tarbiyya ba ne. Yaro ne tun safe ana ce masa zauna, kwafa, yi shiru, ba a taɓa tambayarsa me yake so ba. Dole ya nemi inda zai nuna shi ma mutum ne.

Ranar rubutu ina sa batu biyu a allo: ko wasiƙa zuwa ga wani naka da ya tafi cin rani Abijan, ko labarin kasuwar Lahadi. A lissafi, ko buhunan albasar Galmi, ko kuɗin kabu-kabu. Darasin ɗaya ne, ƙofar shiga ce biyu. Akwai wani yaro na can baya da ya addabe ni da buga tebur. Ranar da ya zaɓi wasiƙa, sai da aka fita hutu yana duƙe kan kayensa, ya cika shafi yana tambayar babansa yaushe zai dawo. Faransancin duk kurakurai, amma wallahi na samu abin gyarawa, wanda da can babu.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna nuna cewa mutum ya fi ba da himma ga aikin da yake jin da hannunsa a ciki. Sai dai kada zaɓin ya yi yawa. A binciken Sheena Iyengar da Mark Lepper na shekarar 2000, ɗaliban da aka ba batutuwa 6 sun fi waɗanda aka ba 30 kawo rubutun. Biyu ko uku sun isa, kuma malam ne ke shata iyaka.

Na san za a ce ajinmu ya cika maƙil, wasu ma a rumfar zana suke. Gaskiya ne. Amma wannan bai cin ko dala, alli kawai yake so. Ina roƙon sufetoci da makarantun horar da malamai su sa shi cikin abin da suke koya wa sabbin shiga, musamman ƴan kwantaragi da ake turawa ƙauye.

Na gode.

Wani malamin firamare,
Tawa