Amsa ga Malam dillalin hannun jari, wanda ya ce da magani nake cin abinci

Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa nake kare sayar da wasu magunguna ba tare da takardar likita ba, amma nake gargaɗin mutane kan cinikin hannun jari a wajen kasuwa, wato ba ta cikin kasuwar hada-hadar hannayen jari ba, alhali duka biyun, a cewarka, yarjejeniya ce tsakanin baligai. Sannan ka ƙara da cewa dalilina bai wuce aljihuna ba. Wannan ƙarin ne ya sosa mini rai.

Da kuɗi ne ke juya harshena, da ban riƙa mayar da masu neman maganin kashe ƙwayoyin cuta babu takarda ba, kuɗinsu a hannu, wasu har da baƙar magana. Ina hana su ne domin shansa barkatai shi ke sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, kuma binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa hakan ya kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019. Zan so in ji ranar da kai ma ka mayar da mai saye, ka haƙura da la'adarka.

Ɗauki kwalin farasitamol ka juya bayansa. Za ka ga sunan sinadarin, da adadin da za a sha, da ranar da zai lalace, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini. Ba mai kanti ne ya ga dama ya sake shi ba, hukuma ce. Maganin ciwo na ibuprofen sai da ya yi shekaru a hannun likitoci kafin Birtaniya ta yarda a saye shi babu takarda a 1983, kuma da aka ga farasitamol na lalata hantar masu wuce ƙima, a 1998 ta taƙaita kwali zuwa ƙwaya 16 a shaguna, 32 a kantin magani.

To, wane kwali ne mai sayen hannun jarin ƙaramin kamfani a wajen kasuwa zai juya? Farashi daga bakin dillali yake fitowa, sau da yawa babu lissafin kamfani da aka tantance, kuma ranar da ya so sayarwa sai ya nemi mai saye ya rasa. Cinikin biri a sama ke nan.

Ka ce yawancin takardun lamuni, wato takardun bashin da gwamnati ko kamfani ke sayarwa, a wajen kasuwa ake cinikinsu. Gaskiya ne, amma tsakanin bankuna masu rundunar lauyoyi, kuma ko su ba su tsira ba. Yarjejeniyoyin bayan fage ne suka durƙusar da kamfanin inshora na AIG a 2008, har babban bankin Amurka ya ba shi rancen dala biliyan 85, kuma bayan haka shugabannin G20, ƙungiyar ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, suka amince a birnin Pittsburgh na Amurka a 2009 cewa a riƙa kai rahoton irin wannan ciniki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda masu sana'arku ke kiran kowace doka takurawa idan ana riba, su ruga wurin gwamnati idan an faɗi. Tunda kana son tambaya a fili, ga tawa: nawa ne tsakanin farashin da kake saye da wanda kake sayar wa mutanen da suka amince maka?

Wassalam,
Mai harhaɗa magunguna