Kowace coci ta buɗe littafin masu ba da jini

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman fastoci, dattawan ikilisiya da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa. Mun sha jin wa'azin Matiyu sura 5, cewa mu ne gishirin duniya da haskenta. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne ta ina za a fara idan an tashi daga sujada. Shawarata ita ce a fara da jini. Kowace coci ta buɗe littafin masu ba da jini kyauta ga duk mai buƙata, Kirista ne ko Musulmi ko mai bin addinin gargajiya.

Irin wannan hidima gadonmu ce. Asibitin Vom da aka buɗe a 1922, da na Wusasa, da na Galmi a Nijar tun 1950, sun samu amincewar jama'a ne saboda ba a tambayar majinyaci addininsa kafin a duba shi. Ƙaramar coci ba za ta iya gina asibiti ba, amma tana da abin da asibiti ke nema ruwa a jallo: lafiyayyun mutane da ke taruwa wuri ɗaya kowane mako, an san sunansu, an san gidajensu.

Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Haka yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da mai sikila, da wanda ya yi haɗarin mota. Abin da aka saba gani shi ne a ce wa dangi su nemo mai ba da jini da tsakar dare, su yi ta buga waya, daga ƙarshe su faɗa hannun masu sayar da jininsu a bakin asibiti. Mai sayarwa kuwa yakan bayar fiye da ƙima, yakan kuma ɓoye ciwonsa don kada kuɗin ya wuce shi.

Aikin ba shi da tsada. Dattawa su zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙon amana, zai fi kyau a samu nas ko ma'aikacin ɗakin gwaji a cikinsu. Su je asibitin da ya fi kusa wanda ke da ma'ajiyar jini, su tsayar da ranar da za a zo a gwada rukunin jinin masu son shiga. A littafin a rubuta suna, unguwa, lambar waya biyu, rukunin jini, da ranar da mutum ya bayar na ƙarshe. Wannan ranar ta ƙarshe ita ce aka fi mantawa, alhali ita ke hana a tatse mutum ɗaya mai saurin amsa kira. Namiji ya jira wata 3 kafin ya sake bayarwa, mace wata 4. Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa bai gaza kilo 50 ba. Mai ciki da mai shayarwa ba sa bayarwa, wanda ya tashi daga zazzaɓi kuma ya jira sai ma'aikacin lafiya ya ce ya isa. Masu rukunin O nagetif a ware musu shafi daban, domin ƙalilan ne, kuma jininsu ake nema idan babu lokacin tsayawa dogon gwaji.

Ga masu tsoron cewa jininsu zai ƙare ko ƙarfinsu ya tafi, leda ɗaya mililita 450 ce, ba ta kai ledar fiya wata ba, a jikin da ke ɗauke da kusan lita 5. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni. Mutum ya ci abinci, ya sha ruwa sosai kafin ya je, ya huta minti 15 bayan an gama, ranar kuma ya haƙura da aikin ƙarfi.

Inda ake yin kuskure shi ne son taro. A kira gangami rana ɗaya, a cika ledoji masu yawa, a ɗauki hoto, a watse. Jini yana zama ne kwana 35 kawai a irin ledar da aka fi amfani da ita, shi ma sai firjin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 6. Idan wuta ta ɗauke, babu janareta babu sola, wahalar ta tashi a banza. Idan za a kai shi wani asibiti, kada ƙanƙara ta taɓa ledar kai tsaye, domin jinin da ya daskare ƙwayoyinsa fashewa suke yi. Mutum biyar kowane wata sun fi ɗari a rana ɗaya amfani.

Kuskure na biyu ya fi wannan haɗari, kuma ina roƙon fastocinmu su lura da shi. Kada a tsaya a bagade a ce duk mai ƙaunar Yesu ya shiga layi. Ana gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, amma cutar da aka ɗauka kwanan nan ba lallai ta fito a gwaji ba. Shi ya sa ma'aikaci ke yi wa mutum tambayoyi a keɓe. Wanda ya san akwai dalilin da zai hana shi bayarwa, idan idon jama'a na kansa, kunya za ta sa ya yi shiru, cutar ta tafi jikin mai jego. A bar ƙofar janyewa a buɗe ba tare da tambaya ba. Sakamakon gwaji kuma tsakanin mutum da asibiti ne, bai shafi fasto ko dattijo ba. Ranar da sirrin mutum ɗaya ya fita, littafin ya mutu.

Kada a karɓi ko kwabo daga dangin majinyaci, kada kuma a mayar da ledar jini sharaɗin sauraron wa'azi. Kuɗin mota na mai bayarwa ya fito daga baiko. A duba lambobin waya duk wata 6, domin ɗalibai da masu bautar ƙasa ba sa daɗewa wuri ɗaya.

Lokaci biyu ya kamata littafin ya fi aiki. Na farko daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da sauro ke kwantar da yara. Na biyu watan Ramadan, lokacin da maƙwabtanmu Musulmi ke azumi, bayar da jini da rana yana yi musu wuya. Mai riƙe da littafin ya kai lambarsa ɗakin haihuwa, ya kuma ba mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa tun kafin a ga wata.

Naka mai karatu,
daga Kafanchan