A riƙa duba magana kafin a goge ta

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi tsokaci kan yadda su Facebook ke goge rubutu wai don hana kalaman ƙiyayya. Wani zai ce duk baƙar fata malalata ne a ƙyale shi, kai da ka kwafo maganar don ka mai da masa martani sai a kulle maka akawun, saboda na'urar da ke tace rubutun ba ta bambance zagi da raddi, haba! Su kansu irin waɗannan na'urorin fa suna kuskure: a 2015 manhajar hotuna ta Google Photos gwaggon biri ta kira baƙaƙen fata, Facebook ma ya yi irin haka a 2021. Ni dai a ɗauki mutane masu jin harsunan da ake rubutu da su, su riƙa duba ƙorafi, kuma a faɗa wa mutum laifinsa kafin a rufe shi.

Naku, mai karatu.