Wasiƙa zuwa ga ɗiyata a Yamai: abin da wayarki ke ƙirgawa

Ɗiyata Rabi,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, karatu a jami'ar Abdou Moumouni kuma yana tafiya daidai. Mutanen gida nan Tawa duk suna gaishe ki.

Manhajojin da ke cikin wayarki ba su san nufinki ba, abin da yatsanki ya yi suke ƙirgawa. TikTok na auna daƙiƙa nawa kika tsaya a kan bidiyo, ko kin maimaita shi, ko kin tura wa wata, ko kin wuce da sauri. YouTube tun 2012 ya koma ba wa tsawon kallo nauyi fiye da yawan dannawa. To bidiyon da ya ɓata miki rai, kika kalle shi har ƙarshe don haushi, a lissafin na'ura kin so shi, gobe irinsa za a jero miki.

Abin da ya sa wannan ya zama haɗari yana cikin kanmu tun kafin waya. A 1960 Peter Wason, masanin halayyar ɗan Adam, ya ba ɗalibai a Ingila lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce su gano ƙa'idar da suka bi. Sai mutum ya gwada 8, 10, 12, a ce masa daidai, ya gwada 20, 22, 24, daidai, ya yanke cewa ƙara biyu ake yi. Alhali ƙa'idar ita ce kowace lamba ta fi wadda ta gabace ta girma. Da ya gwada 1, 2, 50, aka ce masa shi ma daidai, da ya gane, amma kaɗan ne suka nemi abin da zai ƙaryata zatonsu. Na'urar da ke daidaita kanta da ke tana yi miki wannan kuskuren sau ɗari a yini.

Lambar farko da ta shiga kunne ma tana jan hukunci. A 1974 masana halayyar ɗan Adam Tversky da Kahneman sun juya wata ƙafa mai lambobi, irin ta caca, a gaban mutane, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda ƙafar ta tsaya musu a 10 suka ce wajen 25, waɗanda ta tsaya musu a 65 suka ce 45. 'Yan kasuwar Katako ba su karanta wannan ba, amma kin san yadda suke fara kiran kuɗi.

Saƙon WhatsApp mai alamar kibiya biyu ya riga ya yi yawo hannu da hannu, shi ya sa tun 2020 wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda. Kada ki tura sai kin ga ranar da abin ya faru da wurin. In hoto ne, sa shi a Google Lens, manhajar gano asalin hoto, sau da yawa za ki tarar tsoho ne, daga wata ƙasa. Bidiyon da ba ki so a TikTok, danna ki riƙe, ki zaɓi cewa ba ya burge ki. Kada ki yi sharhin zagi, sharhi ƙara masa tafiya yake yi. A YouTube ki riƙa goge tarihin kallo.

Abin da ke tafe ya fi wannan wuyar ganewa. Manhajojin hira irin su ChatGPT, da ya fito a Nuwamban 2022, suna karkata ga yarda da mai tambaya, kuma wasu sun fara tuna hirarrakin baya. In kin rubuta "ai kaza ne ke jawo kaza, ko?" hujjar goyon baya za ki samu. Ki tambaya ba tare da nuna ra'ayinki ba, sannan ki buɗe sabuwar hira ki nemi hujja mafi ƙarfi a kan akasin haka. Duk shekara ko adadin da ta ba ki, ki duba shi a littafi kafin ya shiga aikin da za ki miƙa wa malami.

Ki gaida gwaggonki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki